KWALBAR JININ AMARYA

 Yau ina neman ku yi mini uzuri, domin labarin da na zo muku da shi ban ƙago shi ba kamar yadda na saba, a gaban idona ya faru. Akwai amarya a ciki, akwai ango, akwai kuka da dariya, amma abin da ya fi tsaya mini a rai wata 'yar kwalba ce da ba ta kai tsawon babban yatsana ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba, don masu labarin suna nan da ransu, kuma kun san halin kunya irin tamu.

A ƙarshen daminar 2019 ne, ban daɗe da gama sakandare ba, Inna ta tura ni ƙauyen kakanninmu a jihar Bauchi in taya Goggo shirin bikin 'yarta. Ita wannan 'yar taubashiyata ce, tsakaninmu wata bakwai, tun muna ƙanana ba mu haɗuwa sai da tsiya da tsokana. Saura mako shida a ɗaura aure, an kawo lefe, an kai ɗinki, kullum da daddare muna ƙuryar ɗaki muna lissafin 'yan matan amarya. Da rana kuwa takan bi Goggo gona tsinkar wake, gonar tasu tana can bakin daji inda birai ke sauka suna ɓarna.

Wata Talata da yamma ta dawo tana cewa kanta kamar zai tsage, ga ciwon baya, ga sanyi yana kaɗa ta. Kafin dare jiki ya yi rau, ta fara amai. Abin ka da mutanenmu, kowa ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka aika kemis aka sayo magani. Kwana huɗu tana kwance, a na biyar sai ga ta ta miƙe garau, har ta sha kunu, ta buɗe akwatin lefe tana gwada sarƙa tana ce mini, "Ke dai ki ci gaba da baƙin ciki, ni na riga na yi gaba." Muka yi ta dariya. Ashe lafawa ce ta yaudara. Washegari zazzaɓin ya dawo fiye da na farko, da na ɗaga labule haske ya sauka a fuskarta sai gabana ya faɗi, farin idonta ya koma ruwan ɗorawa. Fitsarinta ya yi duhu kamar shayin da ba madara, in ta kurkure baki sai ka ga jini-jini daga dasashi.

Goggo na gani ta ce, "Shawara ce. Kada wanda ya ambaci asibiti a gidan nan, shawara ba ta son allura." Aka jiƙa saiwar rawaya aka shiga ɗura mata. Na san da yawanku kun taɓa jin wannan magana a bakin manya, wai duk mai shawara in aka yi masa allura sai dai gawarsa. Ni ma a lokacin ban isa in musa ba. Kwana huɗu muka yi a haka, yarinya tana narkewa kamar kitse a wuta, har sai da angon ya kasa daurewa. Ya zo da wansa suka durƙusa a zaure gaban Baba Malam, mijin Goggo, ya ce, "Baba, don girman Allah a ba mu izini mu kai ta. In kuɗi ne, na fasa sayen gadon, a yi mata magani da su." Baba Malam ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce a ɗauko mota.

A ƙaramin asibitin da muka fara zuwa, malamin asibitin yana buɗe idonta sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya tambayi ko akwai wasu masu irin wannan ciwo a garinmu, aka ce akwai yaron maƙwabta da aka binne makon jiya. Nan take ya fita ya yi waya. Kafin la'asar sai ga wani mutum a kan babur, ya ɗauro wata 'yar kula a baya irin wadda masu rigakafi ke yawo da ita. Aka ce shi ne jami'in da ke sa ido kan cututtuka masu yaɗuwa a ƙaramar hukuma. Kowace ƙaramar hukuma a Nijeriya tana da irinsa, ni dai sai ranar na sani.

Ya gaida Goggo cikin ladabi, ya ce yana neman izini ya ɗebi jinin yarinya kaɗan a kai gwaji Abuja. Tirƙashi! Goggo ta ja mayafi ta tsaya a bakin gado. Ta ce, "Ɗan nan, dube ta fa. Jinin nawa ne ya rage a jikinta da za ka ɗiba? Kuma me Abuja za ta yi da jinin 'yata? Mun sha ji, sayarwa kuke yi." Bawan Allah bai yi fushi ba. Ya ciro kwalbar ya miƙa mata ya ce, "Inna, riƙe ki gani. Abin da zan ɗiba mililita 5 ne, cikin ƙaramin cokalin shayi ke nan. A jikin babban mutum akwai wajen lita 5, kin ga kashi ɗaya cikin dubu na ke nema."

Sannan ya yi mana wani bayani da har yau ina tuna shi. Ya ce mu Hausawa da mun ga ido ya yi ruwan ɗorawa sai mu ce shawara, alhali cututtuka da yawa ne ke kawo haka. Ciwon hanta iri-iri yana kawowa, zazzaɓin cizon sauro in ya yi tsanani yana kawowa, masu sikila ma idonsu kan yi haka. Amma akwai guda ɗaya da ake kira zazzaɓin shawara, wadda ƙwayar bairas ke haddasawa, ita ce abin tsoron, don sauro ne ke ɗaukarta daga biri zuwa mutum, daga mutum zuwa mutum, tana iya cin gari guda. Ido ba ya rarrabe su, ko na likita ne, sai ɗakin gwaji. Ƙa'idar aikinsu ita ce duk wanda zazzaɓi ya kama farat ɗaya, idonsa ya sauya cikin kwana 14, to a ɗebi jininsa.

Shi wannan sauro kuwa daban yake da na maleriya da ke damunmu da dare. Baƙi ne mai zanen fari a ƙafafu, da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma yamma. Na gida yana ƙwai a ruwa mai kyau da ya kwanta a randa, da tulu, da tsohuwar taya, da gwangwanin da aka yar a bayan ɗaki. Na daji kuma a kogon bishiya. Bayan cizo ciwon kan ɗauki kwana 3 zuwa 6 kafin ya bayyana. Yawancin waɗanda suka kamu suna warkewa bayan 'yan kwanaki, wasu ma ba sa sanin sun yi. Kaɗan ne ke shiga zango na biyu bayan 'yar lafawar nan, hanta da ƙoda su taɓu, jini ya riƙa fita, kuma a cikin waɗannan kusan rabi ba sa tashi. Da ya faɗi haka sai na tuna ranar da take gwada sarƙa, hawaye suka zubo mini.

Baba Malam ne ya raba gardama, ya ce a ɗiba. To kafin a taɓa allura sai da aka cika fom, kuma a nan ne na yi abin da Goggo ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba. Jami'in ya tambaya, "Yaushe zazzaɓin ya fara?" Goggo ta ce, "Shekaranjiya." Kunya take ji kada a ce ta ajiye yarinya a gida tana ba ta jiƙo. Ni kuwa bakina ya suɓuce na ce, "A'a Goggo, yau kwana goma, tun ranar Talatar da kuka dawo daga gona." Wani kallo da ta watsa mini, wallahi sai da cikina ya juya.

Jami'in ya ce, "Ƙanwata, Allah ya yi miki albarka, wannan kwanan watan ya kai jinin muhimmanci." Ga dalili. A kwanakin farko ƙwayar cutar tana yawo a cikin jini, don haka akan neme ta ita kanta da wani gwaji da suke kira PCR. Bayan kamar kwana goma takan ɓace daga jinin, sai dai a nemi sawunta, wato sojojin garkuwa da jiki ya ƙera don yaƙarta, su kuma ba sa fitowa sosai sai an doshi mako guda. Ma'aikacin da ke Abuja bai taɓa ganin marar lafiya ba, takardar nan kaɗai ce idonsa. In an rubuta masa kwana biyu alhali goma ne, zai iya karanta sakamakon a karkace. Haka kuma wanda aka ɗebi nasa da wuri ƙwarai aka ga babu komai, akan sake ɗiban na biyu bayan kamar mako biyu a gwada.

Ya tambayi inda ta je a makonni biyu kafin ciwon, aka ce gona. Ya tambayi ko an taɓa yi mata rigakafin shawara, ya nemi kati. Babu kati, babu rigakafi, domin sai a 2004 aka sa wannan allura cikin jerin rigakafin jarirai a Nijeriya, ana yi a wata tara, mu kuwa an haife mu kafin nan. Ita ma wannan tambaya tana da dalili. Wanda aka yi wa rigakafin kwanan nan, jikinsa yana ƙera sojoji iri ɗaya da na mai ciwon, in ba a rubuta ba sai a ɗauka cutar ce.

Aka ɗaure mata dantse, ya sa safar hannu, ya goge wurin, ya zuƙi jinin ya zuba a kwalba mai jan murfi. Ya danne wurin da auduga ya daɗe, saboda jinin mai wannan ciwo ba ya saurin tsayawa. Goggo ta kau da kai tana salati. Ba abin da ya sami yarinya. Da yake magariba ta kawo jiki kuma hanyar ba ta biyuwa da dare, ya bar kwalbar a firjin asibitin ya ce zai dawo da asuba.

Da safe kuwa sai ga shi ya shigo ɗakin fuska ba walwala, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, sai mun sake ɗiba." Kai jama'a! Goggo ta miƙe tsaye tana tafa hannu. "Ban faɗa ba? Ban faɗa muku ba? Na jiya an sayar, yau an dawo neman ƙari!" Mutane suka fara leƙowa ta taga. Shi kuwa sai ya buɗe kular ya ciro kwalbar jiya ya ɗaga ta a haske. Ga jinin nan ba wanda ya taɓa shi, amma ya koma ja jawur gaba ɗaya kamar zoɓo. Ashe wani mai taimako a asibitin ne, da kyakkyawar niyya, ya ga kwalbar a ƙasan firji ya ce bari ya mayar da ita sama wajen ƙanƙara don ta fi sanyi. Shi kuwa ɗanyen jini ba a daskarar da shi. In ya daskare jajayen ƙwayoyinsa fashewa suke yi su gauraye da ruwan da ake nema, gwaji ya rikice.

Ganin kwalbar da idonta ne ya sanyaya jikin Goggo. Ta karɓa ta jujjuya, ta ce, "To in za ka sake, a gabana za ka yi komai." Ya ce ya yarda. Albarkacin rigimar Goggo ni ma na ga aikin tun daga farko har ƙarshe.

Bayan ya ɗiba, ya tsayar da kwalbar a tsaye a inuwa, ya ce kada a girgiza. Muka zauna muna kallonta wajen awa guda. A hankali jinin ya dunƙule ya yi gudaji, wani ruwa ya fara tasowa a sama. A manyan asibitoci akwai injin da ke wulwula kwalba da gudu ya raba su cikin minti goma, a nan babu, sai da aka sa ta a ƙasan firji aka yi ta jira har gudajin ya janye sosai. Ruwan na lafiyayyen mutum fatsi-fatsi ne, nata kuwa ya yi ruwan ɗorawa sosai saboda ciwon. Ya sa wani siririn bututun roba ya tsotse ruwan a hankali ba tare da ya taɓa gudajin ba, ya juye a wata 'yar kwalbar roba mai murfin murɗawa. Wannan ruwan jinin shi ne ɗan tafiya. Shi yana jure sanyin firji na 'yan kwanaki, tsakanin digiri 2 zuwa 8, in kuma zai daɗe ana iya daskarar da shi, sai dai ba a so a yi ta narkarwa ana sake daskararwa.

Ya rubuta sunanta a jikin kwalbar da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa, da ranar ɗiba, da wata doguwar lamba, ya kwafe lambar a kan fom. Na ce, "Yaya, sunan bai isa ba?" Ya yi dariya ya ce, "A ajinku na sakandare masu sunanki nawa ne?" Na ce mu huɗu ne. Ya ce, "To a jiha guda fa?"

Sai shiryawa, wadda ta fi naɗin kayan amarya tsari. Hawa uku ake yi. Ya naɗe kwalbar da auduga mai yawa wadda za ta iya shanye ruwan duka in ta fashe. Ya sa a cikin wani gwangwanin roba mai murfi da ba ya yoyo, ya murɗe. Fom ɗin ya sa shi a leda daban don kada ya jiƙe. Sannan ya jera robobin ƙanƙara guda huɗu a bangon kular, ya sa gwangwanin a tsakiya, ya rufe. Wannan tsari saboda abu biyu ne, kada zafi ya lalata abin da ke ciki, kada kuma abin da ke ciki ya taɓa direba ko wani fasinja. Ya ce ana so ya isa ɗakin gwaji cikin kwana uku, kuma ba a buɗe kular a hanya ko da wasa. Ya ba mu labarin yadda a tasha mutane kan roƙe shi ƙanƙara su sa a ruwa, yana hanawa suna cewa ya cika rowa.

Ya ɗaure kular a bayan babur ya tafi. Goggo ta bi shi da kallo har ya sha kwana, ta ce a hankali, "Yarinyar da ko Bauchi sau biyu ta taɓa zuwa, ga jininta zai riga ta ganin Abuja." Daga hedikwatar ƙaramar hukuma aka sa shi a mota zuwa Bauchi, a can aka sauya ƙanƙara, aka haɗa da na wasu, aka miƙa babban ɗakin gwaji na Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, wato NCDC, da ke unguwar Gaduwa a Abuja.

Kada ku ɗauka an zauna jiran sakamako kafin a yi mata magani. A ranar aka mayar da ita babban asibiti, aka sa mata ƙarin ruwa, daga baya aka yi mata ƙarin jini, angon da wansa ne suka bayar. Allura kuwa ta sha ta ba adadi, ga ta nan da ranta. Har yau ba a sami maganin da ke kashe wannan ƙwayar cuta kai tsaye ba, abin da ake yi shi ne a tallafi jiki har ya yi nasara da kansa. Likita ya hana a ba ta asfirin da dangoginsa na ciwon jiki saboda suna ƙara zubar jini, ku riƙe wannan, don mu mata mun iya haɗiyar ƙwayoyi ba tambaya. Kuma dare da rana tana cikin gidan sauro.

Wani dare muna zaune a barandar asibiti, bayan ta huce da ni, Goggo ta ce, "Ke 'yar boko, in sakamakon nan ba shi zai ba ta magani ba, to wahalar ta mece ce?" Ban iya ba ta amsa ba, sai da na tambayi wata nas mai kirki da muke kira Anti. Ta ce gaskiya amfanin da marar lafiya ke samu kaɗan ne, likita zai san abin da yake fama da shi ya daina lalube. Babban amfanin na sauran gari ne. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum ɗaya tak in aka tabbatar yana da zazzaɓin shawara a wurin da ba a yi wa jama'a rigakafi ba, ana ɗaukarsa annoba ce ta ɓulla. Allurar rigakafin kuwa ba a fito da ita a yi wa dubban mutane don jita-jita, sai da shaidar ɗakin gwaji. A shekarar ne cutar ta ɓulla a yankin Alkaleri inda dajin Yankari yake, har ta kama wasu da suka je yawon buɗe ido daga wasu jihohi, bayan ta sake bayyana a ƙasar nan a jihar Kwara a 2017. Da kwalabe irin wannan aka gano duka.

Bayan kwanaki jami'in ya kira wayar angon ya ce sakamakon Abuja ya fito. Ba a ga ƙwayar kanta ba, abin da ba mamaki tunda a kwana na goma sha ɗaya aka ɗiba, amma an ga sojojin. Sai dai magana ba ta ƙare ba, an tura ragowar ruwan Dakar ta ƙasar Senegal a jirgin sama. Na ce ikon Allah, har da ƙetare? Dalili shi ne ita wannan ƙwayar cuta tana da 'yan uwa da sauro ke yaɗawa, irin su dengi da Zika da wadda ake kira ta Yammacin Nilu, kuma sojojin da jiki ke ƙera musu suna kama da juna kamar 'yan gida ɗaya. A cibiyar Pasteur ta Dakar akan haɗa ruwan jinin da rayayyun ƙwayoyin cutar ɗaya bayan ɗaya, a ga wacce ya fi kashewa, ita ce mai laifin. Aikin yana cin kwanaki, kuma sai a ɗaki mai tsaro na musamman. A wancan lokacin can ake kai irin wannan daga ƙasashen Afirka ta Yamma don tabbatarwa. Ko a 2016 da zazzaɓin Rift Valley, wanda ke kama dabbobi da makiyaya, ya ɓulla a jihar Tawa ta Nijar, can aka kai jinin aka gano shi. Kuma cibiyar tana cikin wurare ƙalilan a duniya da ke sarrafa allurar rigakafin shawara.

Anti ta ce mini ba jini kaɗai ake ɗiba ba. In cutar ta taɓa ƙwaƙwalwa, mutum yana fizge-fizge ko wuyansa ya sanƙare, kamar yadda ta Yammacin Nilu kan yi, likita kan ɗebi ruwan ƙashin baya da siririyar allura, irin yadda ake yi wa masu sanƙarau. A Zika kuma har fitsari ake karɓa, don ƙwayar takan fi daɗewa a cikinsa fiye da jini. Wannan ta shafe mu mata ƙwarai, ita ce a 2015 ta sa aka yi ta haihuwar jarirai masu ƙananan kawuna a Brazil. Don haka mai ciki in ta yi zazzaɓi da ƙuraje aka ce ta kawo fitsari a kwalba, kada ta tsaya jin kunya. Dengi ma ba ta yi mana nisa ba, an tabbatar da ita a Sakkwato a 2023.

Wani abu da na karanta daga baya ya ƙara sa na girmama kwalbar nan. A 1927, a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, wani saurayi mai suna Asibi ya yi zazzaɓi, masu bincike suka ɗebi jininsa suka sa wa biri. Daga wannan jini aka fara kama ƙwayar zazzaɓin shawara a tarihi. Masu binciken suna da sansani a Yaba ta Legas, kuma ɗaya daga cikinsu, Adrian Stokes, cutar ta kashe shi a Legas a shekarar. Ƙwayar da aka samu a jinin Asibi ita Max Theiler ya yi ta rainonta a Amurka har ta yi laushi ta daina cutarwa, a 1937 ta zama allurar rigakafi, aka ba shi kyautar Nobel a 1951. Har gobe jikokin wannan ƙwaya ake yi wa jariranmu a wata tara. Shi Asibi ya warke ya ci gaba da rayuwarsa. Nakan ce a raina, da a ce shi ma yana da goggo irin tawa a kusa ranar, Allah kaɗai ya san yadda za a ƙare.

Taubashiyata ta yi kusan mako uku a asibiti. Ta fito kamar a hure ta ta faɗi, gashi ya zube, ido bai gama washewa ba sai da aka ɗau lokaci. Aka ɗaga biki zuwa bayan girbi. Tana gida tana jinya sakamakon Dakar ya iso, zazzaɓin shawara ne. Yaron maƙwabtan da aka binne kuwa ba wanda ya ɗebi nasa, uwarsa har yau cewa take iska ce ta taɓa shi.

Ba a jima ba masu rigakafi suka iso garin da kuloli, suka kafa tebur a ƙofar gidan mai gari da makarantar firamare. Allura ɗaya ce a dantse, tana fara kare mutum bayan kwana 10, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce guda ɗayan ta isa har ƙarshen rayuwa. Jarirai 'yan ƙasa da wata tara da masu ciki akan tambaye su tukuna, don haka in an zo garinku ki faɗi gaskiyar halin da kike ciki. Ni ma a layin aka yi mini, katina yana cikin akwatina tare da takardar sakandare. Ke mai karatu, in kin koma gida yau ki tambayi Inna ko Umma ina katinki na jarirai, ki duba ko an cike gurbin shawara. In babu, asibitin sha-ka-tafi mafi kusa za su gaya miki inda ake yi.

Abin da ya ba kowa mamaki, Goggo ce ta shiga gida-gida tana fito da matan kulle, tana cewa, "Ku fito, ni na ga abin da idona, a gabana aka naɗe shi." Randunan gidan ma ta sa aka yi musu murafe, duk mako a wanke a sauya ruwa. Amma har yau in aka tayar da zancen ba ta yarda ta yi kuskure ba, cewa take rawayar ce ta riƙe yarinyar har aka kai asibiti, ni kuma ba na ja da ita.

Ranar da aka kai amarya, muna cikin mota tana lulluɓe tana kuka irin na al'ada, na sunkuya na raɗa mata a kunne, "Ke da jininki ya hau jirgi ya je Senegal, unguwar gaba ce za ki yi wa kuka?" Ta mintsine ni a cinya ta cikin mayafi har sai da na yi ƙara. Gadon da angon ya fasa saye bai samu ba sai bayan shekara, a katifa suka fara zama. Yanzu 'ya'yansu biyu, kuma ranar da babbar ta cika wata tara Goggo ce da kanta ta goya ta zuwa asibiti.